Takalman Robar Inna Kaltouma

Tun kafin Soumaïla ya kashe mota ya hango ruwa yana malalowa daga bayan gidansa zuwa titi. Ya zagaya a guje. Ga mahaifiyarsa, Inna Kaltouma, ta ci ɗamara, ta zura tiyo cikin ƙaton kwamin wankan da ke tsaye a kan ciyawa, ta zuƙo ruwan da baki yadda ake yi wa duro a Damagaram. A gefenta ga tsintsiya da bokiti da garin sabulu.

"Inna, me kike yi haka?"

Ta nuna kwamin. "Wanke pisin ɗinka zan yi. Ba ka ce yau za a rufe shi ba?"

Ba ruwan ne ya dame shi ba. Ya san uwarsa. Idan ta yi baƙunta ta tashi tafiya ba da niyyar sake dawowa ba, sai ta wanke duk abin da ta taɓa, ta kife shi. Tikitinta na komawa gida saura mako biyu. Sau uku yana tambayarta ko za ta dawo baɗi, sau uku tana ce masa, "Allah ya kai mu."

A watan Mayu ta iso Pleasant Garden, garin da yake zaune a ƙasar waje, da sanda da gwiwar da ba ta lanƙwasuwa. Likita ya ce ta riƙa tafiya cikin ruwa. Ta ce ita da jikoki goma sha ɗaya? Allah ya sawwaƙe! Sai da matarsa Oumou ta sayo mata takalman roba, aka rantse mata babu mai leƙe ta shinge, sannan ta shiga da doguwar rigarta tana mita. Kafin ƙarshen Agusta, sandar ta koma abin kakkaɓo tufafi daga igiya. A Damagaram kuwa babu wannan ruwa, kuma Soumaïla yana tsoron shekara ɗaya ta mayar da ita gidan jiya.

Motar Longji ta tsaya a waje. Mutumin Jos ne, tare suke aiki a masana'antar kujeru, shi ya yi alkawarin koya masa rufe kwamin kafin sanyi. Ya shigo da tamfol a kafaɗa, ya ga tiyo, ya yar da tamfol ɗin ya fizge tiyon daga ruwa.

"Sannu da aiki, Mama. Amma wannan ba a kwashe shi kaf. Ruwan ne ke riƙe da bangon. In ya zama empty, robar ciki ta tsuke, iskar Janairu ta kwantar da shi."

"A bar ruwa kwance wata bakwai? Sauro fa?"

"Ƙanƙara zai zama, Mama. Sauro ba shi da jacket."

Ta yi dariyar da ba ta shirya ba. Longji ya leƙa ciki, ya auna da tafin hannu daga kafar da famfo ke jan ruwa ta cikinta zuwa inda ruwan ya tsaya. "Kai! Soumaïla, exactly inda ake so ta kai shi. Da mun ƙara minti goma a hanya, da wani zancen ake."

"Voilà, kun gani ko," in ji Inna, ta gyara ɗaurin kallabi kamar da gangan ta yi.

Daga nan aiki ya koma hannunta. Suka cire famfo da matakala, suka zuba magani, tana tsaye tana gyara musu abin da ba ta taɓa gani ba. Da Longji ya hura wani ƙaton matashin kai na roba ya jefa a tsakiya, don ƙanƙara ta matse shi maimakon bango, sai ta riƙe haɓa.

"Ƙasar nan! Har ruwa sai an ba shi matashi zai yi barci."

Suka ja tamfol suka ɗaure. Inna ta daɗe tana kallon rufaffen kwamin.

"Yaushe ake tada shi?"

"Mayu, Mama."

Ta ɗauki takalman robarta daga kan ciyawa. Soumaïla ya zuba mata ido, yana jiran ta nufi bokitin sabulu. Ta wuce bokitin, ta shiga ɗan ɗakin ajiya, ta rataye su a ƙusa kusa da matakala, da ciyawarsu da komai.

"Ka faɗa wa Oumou kada ta yi kyauta da su," ta ce. "Ba su tsufa ba."