Duron da Manaja Ya Ba Iya Sariyu

Ha'incin da ya zo maka hannu bibbiyu yana cewa ga kyauta, ya fi wanda ya zo da adda muni, domin shi da kanka za ka buɗe masa ƙofa har ka yi godiya. Ni kaina na yi godiyar nan, da bakina.

Ranar wata Laraba ina zuga wuta a maƙerata, Nimota ta shigo ko ɗankwali babu.

"Baba Sunmonu, zo ka yi wa Iya magana. Ta ƙi a kai ta asibiti."

Katanga ɗaya ce tsakanina da uwarta, Iya Sariyu, tun shekarar da aka kawo lantarki unguwarmu, Isale-Oja. Agidi take sayarwa. Shekara arba'in tana jiƙa masara, ta niƙa, ta tace, ta dafa, ta naɗe a ganye. Rabin unguwar nan da agidinta aka yaye su.

Na same ta kwance a tabarma, ga roba kusa da kanta, leɓɓanta sun tsage. A makon nan mutum goma sha ɗaya da suka ci agidinta sun kwanta da amai da gudawa, yara biyu suna asibiti. Matan kasuwa kuwa sun riga sun yanke hukunci. Wasu sun ce tsufa ya sa ta ƙazanta. Wasu sun faɗi abin da ya fi wannan, abin da ake faɗa a kan tsohuwar da ba ta da miji.

Na ce, "Tashi, tsohuwa, ki daina tsorata yarinya. Ke da kika binne maza biyu, gudawa ce za ta kayar da ke?"

"Kai ne na uku, maƙeri. Jira layinka."

Ta so ta yi dariya, ciwo ya murɗe ta. Da ya sake ta sai ta riƙe bakin rigata.

"Ka ji abin da suke cewa?"

"Bakin kasuwa ai ba ya rufuwa."

"Sun ce ni na zuba wa mutane. Sunmonu, ni da nake wanke ganye sau uku? In na tafi asibiti cewa za su yi na gudu."

Da ƙarfi muka ɗora ta a mota, ni da Nimota. Iya ta cika ranar Juma'a kafin a kira salla. Maganarta ta ƙarshe tambaya ce, ko an sallami yaran nan biyu. Da muka kai ta makwanci, mutanen da suka bi gawar ba su cika sahu biyu ba. Matar da ta ciyar da unguwa.

Ruwa ba ya tsami banza. Sai dai a lokacin ban san inda zan duba ba.

A bakin garinmu akwai kamfanin katako, inda suke jiƙa turakun lantarki a magani don kada gara ta ci. Manajan wurin Mista Adebusuyi ne, ɗan gari, mai boko, mai sanyin murya. Da kwat ɗinsa yake zubewa ƙasa ya gaida dattawa. Kowace shekara kamfanin yakan yi wa gari wani abu, wai haƙƙin maƙwabtaka. A bana duro arba'in ya raba na tara ruwa, an shafe su da shuɗin fenti, an rubuta sunan kamfani da fari. An kira makaɗa, an kira mai hoto. Baale, dagacinmu, ya ji daɗi har ya yi alkawarin naɗa manajan Atunluse, wato mai gyara gari. Tela ya auna kan manajan a ranar don ɗinka hular sarauta.

Ni na fasa murafen durunan. A fente manaja ya aiko mini su, na ji wani wari na tambaye shi.

Ya ce, "Man inji ne a da, Baba. An wanke tas."

Iya Sariyu ta samu ɗaya. Rawa ta taka a gaban makaɗa, ta ce tukwanen ƙasa sun huta, yanzu masarar mako guda za ta shiga wuri ɗaya. Sati uku ke nan kafin ta kwanta.

Kwana biyar bayan rasuwar Nimota ta gangaro mini da duron.

"Baba, sa masa hannaye in sayar. Ba mai sayen agidin gidanmu kuma. Ibadan zan tafi in nemi aikin wanke-wanke."

Ba a haɗa ƙarfe a kan fenti, sai an kankare. Na ɗauki wuƙa na fara. Shuɗin ya tashi, wani ja ya fito daga ƙarƙashi. Na ci gaba. Sai ga ramin ido, sai ga wani, sai haƙora. Ƙoƙon kan mutum, da ƙasusuwa biyu a gicciye a ƙasansa.

Ban yi makaranta ba, amma wannan rubutun ko jaki ya iya karanta shi. Na leƙa ciki, na sa farce a haɗin gindin duron, na ɓamɓaro wani abu kore kamar gansakuka. Irin koren da turakun kamfanin suke fitowa da shi. Na zauna a ƙasa.

Daga nan na bi gida gida da wuƙata. Duro tara na kankare kafin la'asar, ƙoƙon kai tara. A gidan wani direba na tarar da matarsa tana ɗibar ruwan za ta dama wa jariri. Ban ko yi sallama ba na ture duron ya kife a tsakar gida.

Ranar addu'ar takwas manaja ya aiko da rumfa da kujeru, kowace kujera da sunan kamfani a bayanta. Rumfar ce ta tara mutanen da gawa ba ta tara ba. Ya iso da ambulan ɗin kuɗin ta'aziyya a hannu, mai hoto na biye da shi. Alfa, malaminmu, na cikin karatu na gangaro duron tsakiyar fili, na juya wajen da na kankare ya fuskanci jama'a.

"Oga, kai ka yi boko. Karanta mana."

Ya yi murmushi ya rusuna. "Baba, nan wurin makoki ne. Ka zo ofis gobe mu zauna."

"Ba a ofis ta mutu ba."

"Na gaya maka an wanke su."

"Madalla."

Na ɗauki bokitin ruwan alwala na juye a ciki, na girgiza, na ɗebo da kofi na miƙa masa.

"Rana ta yi zafi, Atunluse. Jiƙa maƙoshi."

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ya karɓi kofin don idon jama'a, amma bai kai shi baki ba. Baale na kallonsa. Alfa ya rufe littafi. Can sai manaja ya ajiye kofin a ƙasa, ya ce da muryar nan tasa mai sanyi:

"Ni na zaci wanki za ku riƙa yi da su. Wa ya ce ku jiƙa abinci a ciki?"

Wato ya sani. Tun ranar da Iya Sariyu take rawa a gabansa yana tafa mata, ya sani. Nimota ce ta tashi, ta ɗauki ambulan ɗin da ya ajiye a tabarma, ta jefa cikin duron, ta koma ta zauna.

Ma'aikatan lafiya sun zo washegari suka kwashe durunan arba'in. A wurinsu muka ji sauran. Dokar kamfanin ita ce duk duron maganin da ya ƙare a huda shi a mayar Legas, kuma akwai takarda da sa hannunsa cewa an huda an mayar. Abin da aka ba shi ya yi wa gari a bana kuwa rijiyar burtsatse ce. Ya cinye rijiya, ya ba mu shara, ya shafa mata fenti.

Kada wani ya ce na wanke kaina. Gudumata ce ta buɗe durunan nan. Hancina ya gaya mini gaskiya, na bar shi na bi bakin mai kwat. Da wannan zan tashi gaban Allah.

Matan kasuwa sun zo sun durƙusa wa Nimota ɗaya bayan ɗaya, har wadda ta fara kiran uwarta mayya. Ba ta tafi Ibadan ba. Ta fito da tukwanen ƙasa ta wanke, kuma yaran nan biyu da aka sallama su ne suka fara sayen agidinta. Iya dai ba ta ji ko ɗaya daga cikin wannan ba.

Manaja kuwa ga abin da ya samu. Aikin ya tafi kafin mako ya zagayo, mota da gidan kamfani suka bi bayan aikin. Gonar ubansa ta tafi a zirga-zirgar kotu, kuma har yau shari'ar ba ta ƙare ba. Matarsa ta kwashe 'ya'ya uku ta koma Akure wurin iyayenta. Uwarsa, da take da rumfar manja a kasuwa tun kafin a haife shi, ta rufe, domin ba mai tsayawa. Baale ya janye maganarsa. Hular sarautar kuwa an gama ɗinka ta, tana nan rataye a ƙusa a shagon tela, zanzaro ya gina ɗaki a cikinta.