Itacen Ƙona Tileswar

"Ban da bishiyar bakin fadama," in ji Tileswar, yana riƙe da hannuna gam. "Ku ƙona gawata da komai, ban da ita."

Maƙwabcina ne. Shekara talatin muna faɗa a kan mangwarona da ke zubar masa ganye a tsakar gida. Yanzu ga shi kwance a tabarma, ko shayi ba ya wuce masa. Na tambaye shi me ya ɓoye a kogon bishiyar, sai ya harare ni.

"Kai zan gaya wa? Sarkin cin agwagwa da kabewa?"

Ni dai ban taɓa yarda da shi ba. Tsohon maharbi da ke sulalewa daji da sassafe ya dawo hannu wayam, ya ɗaura wa bishiya jan ƙyalle wai aljani ne a ciki? Matata ta ce bindiga ya ɓoye. Ni na ce ƙahon karkanda ne.

Ya cika ranar Laraba da hantsi. Damina ta faɗi, itacen ƙona gawa ya yi wuya, bishiyar nan kuwa rabinta a bushe. Ɗansa Pobitro ya saɓi gatari ya nufe ta, maza suka bi shi. Na bi su, ba don amana ba, don gulma.

Na tsinci tsanin gorar Tileswar a cikin ciyawa, na ce su dakata, na hau. Wani farin kai mai ɗigon baƙi ya juyo ya dube ni. Agwagwar daji ce, deo hah, kwance a kan ƙwai, wadda ma'aikatan gandun daji ke cewa ta kusa ƙarewa a duniya. Rabona da ganin irinta tun ina saurayi, a tukunyarmu ma kuwa. Kunya ta rufe ni.

"Kawu, me ke ciki?" in ji Pobitro.

Na dubi fuskokin da ke ƙasa. Na san tukunyar kowannensu.

"Gamsheƙa ce da ƙwanta. Ku zo, akwai itace a gidana."

Mangwarona muka sare. Ɗanye ne, sai da ya sha man shanu kafin ya kama wuta. Matata ta kwana uku ba ta yi mini magana ba.

Yau da safe, da na dawo daga sabunta jan ƙyallen, na leƙa ta kan shinge. Tsintsiyar Tileswar na jingine a inda ya bar ta, tsakar gidan fes, babu ganye ko ɗaya.