Safar Hannun Mai Guga

Na tarar da Manaja a bakin ƙofar ɗakinsa, ƙafa ɗaya cikin takalmi, matarsa ta ɓoye ɗayan a bayanta kamar mai hana yaro fita wasa. Mutumin da likita ya ce ko banɗaki kada ya je shi kaɗai, wai aiki za shi.

"Maƙwabciya, ki yi masa magana, ni na gaji," in ji ta.

Na lallaɓa shi ya zauna, amma idonsa na kan hanya. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, na san halinsa sarai. Shi ne shugaban kamfanin wanki da ke bayan layinmu, inda ake wanke zannuwan gadon otal-otal da na asibitoci. Manaja dai a suna. Ofishin da aka ba shi, har da kujera mai juyawa, ya mayar da shi wurin da masu guga ke shan iska in zafi ya ishe su. Shi kuwa kullum yana cikin ma'aikata, hannun riga a naɗe, yana bin su ɗaya bayan ɗaya da tambayarsa guda: me ke hana ka aiki yau? In famfo ne ya toshe, shi zai durƙusa. In ɗan wata ne ba lafiya, ya sallame ta ya tsaya a kan injinta. Mijina yakan ce wannan ai ɗan aike ne aka ba ofis. Amma wanda ya kama aiki a wurin ba ya barinsa, otal ɗin da ya fara ba su wanki kuma ba ya neman wasu.

To, da ciwon zuciya ya kwantar da shi, sai ma'aikatan suka haɗa baki cewa duk wanda ya zo gaishe shi kada ya kuskura ya kawo masa damuwa. Don ƙauna suka yi, na sani, amma ban taɓa ganin ƙaunar da ta gallabi mutum haka ba. Su shigo su gaishe shi, ya tambayi inji, su ce lafiya lau. Ya tambayi motar kai kaya, lafiya lau. Ya tambayi mai cikin nan da ke ɓangaren ninki, ita ma lafiya lau. Suna fita sai ya hau juye-juye, ya ture filo, ya ce a buɗe taga, a buɗe ya ce a rufe. Abinci ma sai an yi rigima yake ci.

Da matarsa ta shiga kicin, ya ce da ni a hankali, "Ko dai wurin ya lalace suna ɓoye mini, ko kuwa dama can ba sa bukatata. Wanne ne, maƙwabciya?"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ja mayafina na nufi kamfanin. Na sami shugabar masu guga, wata doguwa mai kakkausar murya, a cikin tururi, na zazzage mata abin da ke cikina. Na ce mutum na can lafiya lau ɗinku na kashe shi, ku kai masa matsala ko ta ƙarya ce. Ta ce ƙaryar da suka yi masa ta isa haka nan. Ta duba nan ta duba can, sai ta zare safar hannun da take guga da ita, mai kauri, wadda ta yage a tafi.

Muka taho tare. Matar Manaja ta so ta tare mu a ƙofa, na ture ta da kafaɗa, na ce in ya so ma yi faɗan daga baya.

Shugabar masu guga ta ajiye masa safar a cinya, ta nuna masa ƙunar da ke tafin hannunta. Daga nan bakinta ya buɗe. Babban inji ya tsaya makon jiya, mataimakin Manaja ya tuɓe rigar ofis ya shige ƙarƙashi har sai da ya tashi. Mai cikin nan ƙafarta ta kumbura, direba ya kawo mata kujera daga gidansa, yanzu a zaune take ninki. An yi ta cacar baki kan wanda zai riƙa wanke banɗaki, ƙarshe mataimakin ya ce shi zai fara.

Manaja ya daina juya safar. "Shi da kansa?"

"Da kansa, Baba. Bai iya ba, amma yana yi."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa, ya rufe ta da faɗa a kan hannun, yana tambayar tun yaushe take guga da wannan tsumman ba ta faɗa ba. Sannan ya ce wa matarsa ta miƙo masa allura da zare mai ƙwari. Ta harare ni, na kawar da kai. Ita ta zura masa zaren.

Ran nan ya ci abinci ba gardama. Washegari da hantsi matarsa ta ƙwanƙwasa mini ƙofa, ina ganin fuskarta na san rai ya yi halinsa. Na bi ta. Yana jingine da filo kamar mai gyangyaɗi. Safar na kan cinyarsa, ya rufe rabin yagewar da ɗinki manya-manya karkatattu, allurar na soke a inda ya tsaya.