Fiton Aníbal

…a'a, ba nan ba ne, saura kaɗan. Sai mai jita ya sauke hannu, ganga ta tsaya, filin ƙwallon nan kaf ya yi tsit — a nan ne. A nan kake, Aníbal. Yatsu biyu a baki: dogo, gajere, dogo. Fiton da kake yi mini a gindin tagarmu a Rosario, babana na lalube takalmin da zai jefe ka da shi.

Babu.

Romina na zaune a ƙasa gaban lasifika, fuskata take kallo. 'Yarmu. Ita ta sayo faifan, sabon bugu na wasan waƙar da muka je, wanda fitonka ya shiga ciki, wai an wanke sautin, an tace, an cire datti. Datti? Wa ya gaya musu datti ne? Tsohon kaset ɗinmu huci yake kamar yayyafi a kan kwano, muryar mawaƙin can ƙasa kamar daga rijiya, amma kana ciki. Kafin mu binne ka kana ciki, bayan nan ma kana ciki. Har ranar da rediyon kicin ta haɗiye zaren… na ja a hankali, wallahi a hankali na ja, ya tsinke a hannuna.

Yanzu komai fes. Ganga na dukana a ƙirji. Kai kuma an share ka. Wani yaro a wani ɗaki mai sanyi a Buenos Aires, wanda ba a ma haife shi ba lokacin, ya ji fitonka ya ce ƙazanta ce. Ya danna. Yatsa ɗaya.

Ranar wasan nan, ga cikina ya fito, jama'a na tsalle, ka naɗe ni da tutar unguwarmu da na ɗinka da zanen gado, bayanka ke karɓar gwiwar hannun mutane — ka ce, Nélida, ki saurara, yau sai na shiga tarihi —

"Mami, ga shi nan fa. Ga tsoho. Ba ki ji ba?"

Ƙarya take. Tausayina take ji. Ƙaryarta irin taka ce, kunne ke fara yin ja… Kunnenta bai yi ja ba.

"Mayar baya."

"Haba tsohuwa, sai kin cinye faifan nan?"

In ƙarya take, sun goge ka, ba inda muryarka ta saura a duniya. In kuwa gaskiya take… a'a. Kunnena ƙalau. Mutane ne suka koma magana ta hanci. Ƙararrawar ƙofa ce ta lalace, na gaya wa mai gidan da muke haya. Tsuntsayen unguwar nan ma tun bara suka ƙaura, ina ruwana? Kekunan ɗinki na masana'anta, safe da yamma, rabin rayuwata a tsakiyarsu, ai ba ni kaɗai ba ce, sauran matan fa?

Ga shi ya sake zuwa. Jita ta sauka. Ganga. Tsit. Na riƙe numfashi, na karkata, na —

Romina ta zabura ta yi kicin da gudu. Me kuma? Na bi ta.

Buta. Ruwan mate, shayin ganyen da muke sha. Ni da ban taɓa barin ruwan mate ya tafasa ba, ya ƙone ganye, kai ma ka sani, tun tana fara ƙugi nake sauke ta. Butar nan mai usur a baki, wadda ke tada maƙwabta. Tururi na feshi ta hancinta, zir, kamar igiya. Romina ta toshe kunne ɗaya da kafaɗa, tana kashe wuta, ta yamutsa fuska.

Ban ji komai ba. Tun yaushe take ihu?

Ashe kana nan. Ba su taɓa ka ba, yaron nan bai danna komai ba. Kana gindin taga kana ta fito, ni ce…

Bari in zauna.

Mayar baya, Romina. Juyo nan, ki zauna inda haske yake. In an zo wurin, fuskarki zan duba.