Ɗaki a Kan Gwalalo

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, don karatuna bai yi nisa ba, kuma ban saba sa baki a maganar manya ba.

Ina sharar sabon ɗakin kakarmu, Iya 'Yardada, bayan an ɗauke ruwan la'asar, sai na ga siminti ya dare tun daga bakin ƙofa har ƙarƙashin gadonta. Na dafa wurin, na ji ya lotsa. Baba Ɗalha, ƙanin mahaifina, shi ya gina mata ɗakin bara, a filin da ya saya bayan ganuwa, wajen Ƙofar Mazugal.

Na ce, "Iya, ƙasa ta tsage."

Ko leƙawa ba ta yi ba. "To me kike so ta yi? A kan gwalalo muke."

"Mene ne gwalalo?"

"Ku 'yan yanzu sai cin tuwo. Ramin da aka haƙa a bayan ganuwa, don kada dokin maƙiyi ya iso gari. Muna yara raƙumi ya taɓa faɗawa nan, wuyansa kaɗai ake hange. Shara aka yi ta zubawa har ya cika, aka ce fili ne."

"Kin gaya wa Baba?"

"Ɗa ya gina miki ɗaki, ki ce masa kabari ya gina? Miƙo mini goro."

Da Baba ya shigo gaishe ta, na durƙusa, sai na nuna masa wurin da yatsa. Ya taka tsagar da takalminsa, ya yi dariya.

"Sa'ida sarkin tsoro. Kowane sabon gini sai ya zauna. Zan turo magini ya shafe."

Da ya ɗaga ƙafa, ruwa ya tsattsafo a inda ya taka. Bai gani ba, ya riga ya juya. Ta taga na hango wani hadarin yana haɗuwa a gabas.

Washegari da sassafe na tare mai adaidaita sahu, na shiga ɗaki na ce wa Iya Goggo Bahijja ta aiko daga Yakasai, tana nemanta. Babu wanda ya aiko. Iya ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "To, ɗauko har da akwatina."

Na ɗora shi a ka, na riƙe hannunta, muka nufi inda mai adaidaitan yake jira. Muka wuce ta gaban shagon Baba yana buɗewa, ban ɗaga ido ba.