Ranar da Aka Cire wa Auta Haƙori

"Ina... so..." in ji Baba.

"Shayi!" Auta ta cafe, hannunta har ya kai kan fulas.

Kofi na huɗu ke nan tun safe. Tsohon ya dubi shayin, ya dubi sama. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, magana ɗaiɗai take fito masa, shi da ya shekara arba'in yana tuƙa bas yana zazzaga wa masu keke masifa ta taga. Ita kuwa Auta, Allah ya ba ta zuciya mai kyau, sai ya haɗa mata da baki. Kafin uban ya kamo kalma ta uku, ta ƙarasa masa, ta amsa, ta kawo abin. Sau uku ana kai bawan Allah bayi a banza.

Gobe za a sallame shi daga asibiti. Babban yayanta ya riga ya yanke hukunci: gidansa za a kai Baba, can hawa na uku, a rufe tsohon gida.

"Shi Baban ya yarda?" nas ta tambaya.

"Ya ce yana so," in ji Auta. Ai kuwa ya ce. Iyakar inda aka bar shi ya kai ke nan.

Da rana haƙorin da ke damunta ya tashi haiƙan. Nas ta tura ta wajen likitan haƙori, aka cire, aka cusa mata auduga, aka ce kada ta kuskura ta buɗe baki sai bayan awa guda. Awa guda! Masu jinya na kusa har leƙowa suke su ga ikon Allah.

Ta dawo da kunci a kumbure, ta zauna a bakin gado, fuska da fuska da Baba.

"Ina... so..."

Hannunta ya nufi fulas. Ya make shi da hannunsa mai lafiya. Ta ce "mmm", ta natsu. Leɓensa na rawa. Ya haɗiye yawu, ya sake lalubowa. Ashe maganar tana nan tafe, jira kawai take so.

"Gidana. Bencina... a ƙofa. Masu wucewa... su gaishe ni." Ya huta. "Hawa uku... wa zai... gan ni?"

Idonta ya ciko. Ta goge masa baki da gefen mayafinta, ta ɗauki waya ta rubuta wa yayan: "Baba ya ce gidansa zai koma. Ni zan tare can."

Nan take wayar ta hau ruri. Ta danna, ta kara wa tsohon a kunne.

"Kai... saurara..." Baba ya soma.

"Na san me za ka ce, Baba!" yayan ya katse shi. "Matakala ce ko? Ai ɗaukar ka za mu riƙa yi, kuma akwai talabijin, akwai..."

Baba ya janye kansa daga wayar. Ya nuna kuncin Auta da yatsa, ya kanne ido ɗaya.

"Shi ma... a cire... masa."