Jego Ba Maiƙo

A shekarar da Barira ta haifi ɗanta na fari, hanyar Gwaram zuwa Birnin Kudu ba ta biyuwa sai cikin ayari, saboda maharan da ke saukowa daga duwatsun Ningi. Duk da haka mijinta Hambali ya bi ta sau uku cikin kwana ashirin da biyar. Yakan bar gonarsa a Farin Dutse, ya yada zango a Kiyako, hantsi ya yi masa a ƙofar gidan surukansa, inda Barira ta zo wankan gida kamar kowace mai haihuwar fari.

Bai taɓa zuwa hannu rabbana ba. A kan jakinsa akwai ƙwaryar man shanu da uwarsa ta kaɗa, an rufe da faifai an ɗaure tam. In ya shigo gari kuma sai ya biya ta mahauta ya sayi tozo da ƙauri. A Farin Dutse da ƙibar mai jego ake auna miji. Mace ta dawo daga wanka kumatunta na sheƙi, a ce wane ya iya riƙo. Ta dawo a bushe, har 'ya'yansa sai sun ji gorin. Hambali kuwa ba gorin ne ya dame shi ba. Son Barira yake yi, irin son da ya fi ƙarfin bakin mai shi, ga shi a gidan surukai inda ko ido bai isa ya ɗaga ba. Abin da ya kasa faɗa, shi yake ɗorawa a kan jaki.

Gwaggo Kubra, yayar mahaifin Barira, ita ke riƙe da jegon. Ita ke dafa ruwan runhu, ita ke dama kunun kanwa, ita ke hura wuta a ƙarƙashin gado. Duk ranar da Hambali ya zo sai ta ɗora babbar tukunya, ta dafa tozon nan har ya narke, ta kwarara man shanu a kan tuwo har ya yi iyo. A kai wa Barira, ta cinye tas, a fito da akushin a wuce da shi ta zaure don mai kawowa ya gani. Allah sarki, in ka ga fuskar Hambali a lokacin sai ka ce an ba shi sarautar Gwaram!

Amma ba a yin nisa sai ciwo ya tashi. Yana kama ta ne a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ya soka har kafaɗa, ta dunƙule kamar bushiya tana gumi. Malam ya yi rubutu ta sha. Wanzami ya kafa mata ƙaho a gefen ciki. A zuwa na uku ta yi amai har sai da kore ya fito, washegari farin idonta ya koma kamar an ɗiga masa gangamau.

Da safen nan Gwaggo Kubra ta fito zaure ta tsaya a kansa, hannu a ƙugu.

"Angon ƙarni, buɗe kunnenka. Zuwanka na fari, yarinya ta yi birgima. Na biyu, ta yi birgima. Na uku, ga abin da muke ciki. Tsakanin zuwa da zuwa kuwa lafiya lau, tana shan kununta tana ba ɗa nono. Ni ban je makarantar allo ba, amma na san uku."

"Gwaggo, ni kuwa me zan yi mata?"

"Ban ce kai ka yi ba. Wani abu kake kwasowa a gindin duwatsun nan, yana bin sawunka har cikin gida. Daga yau kaya a aiko, ƙafa a bar ta a Farin Dutse."

"Har yaushe?"

"Har ta tashi. In kuma ba ta tashi ba..." Sai ta ja mayafi ta koma ciki.

Hambali ya fita bai san inda yake jefa ƙafa ba. Shi ne ciwon Barira? Shi da in ƙaya ta soke ta sai ya ji a tafin ƙafarsa? Ya yarda zai tafi. In nisansa ne maganinta, zai iya komawa har bayan Gwaram ya zauna. Abu ɗaya ya rage masa: ya roƙi mahaucin da yake sayen nama a wurinsa ya riƙa aika mata tozo kowace ranar kasuwa.

Ɗanbala tsohon mahauci ne, bakinsa ya fi wuƙarsa kaifi. Yana cikin feɗe saniya ya hango shi.

"Ga mai shanu ya zo sayen nama a hannun mai wuƙa! Yau kuma wane tozon za mu sauke wa gimbiya? Kai, wannan fuska fa? Kura ta cinye jakin ne?"

Hambali ya tsuguna ya zayyana masa komai. Tun ana tsakiyar labari Ɗanbala ya daina dariya.

"Nuna min wurin a jikinka."

Ya nuna.

"Yana hawa kafaɗa?"

"Yana hawa."

"Kafin ta ci ko bayan ta ci?"

"Bayan an fito da akushi."

"Ranakun da ba ka nan, me take ci?"

"An ce kunu kawai take nema."

Ɗanbala ya goge hannu a warkinsa, ya jawo hantar saniyar, ya nuna masa wata 'yar jaka koriya da ke manne a jikinta. "Ka san wannan?"

"Matsarmama ce. Wa bai san ta ba?"

"Ka san ta a waje." Ya yanke ta a hankali, ya tsaga ta a kan wani ganye. Ruwan ɗaci ya tsiyaye, sai ga wasu 'yan duwatsu biyu, rawaya-rawaya, kamar ƙwallon magarya. "Ba kowace dabba ake samu ba, sai a yanka da yawa ba a gani ba. Yayata Talatu ta yi irin ciwon matarka, wuri ɗaya, bayan haihuwa. Gidan mahauta ne, ka san miyarmu. Ta kusa tafiya. Mijin ya gaji ya sake ta, ta auri wani talaka a Kangire wanda tukunyarsa ba ta taɓa ganin mai ba. Shi ya warkar da ita, har ya mutu bai sani ba. Tana nan da jikoki goma sha. Amma ko yau ta lashi kitse sai ta kira sunan Allah."

"Kana nufin dutse ne a cikin Barira?"

"Ban buɗe ta na gani ba. Amma wurin da ka nuna, nan abin yake a jikin akuya, nan yake a jikin saniya. Ban zaci Allah ya sa wa ɗan Adam nasa a ƙafa ba. Maiƙo ke tsokanarsa."

"Ba a cirewa, Baba?"

"Ni kullum cirewa nake. Sai dai duk wadda na cire wa, ba ta tashi ta yi min godiya."

Hambali ya dubi tozon da ke rataye, fari sol, yana ɗiga. Ya tuna ƙwarya uku, ya tuna akushi uku da aka wuce da su ta gabansa shi kuwa yana murmushi. Ya durƙusa a ƙasa. Ya rufe fuska da hannun riga ya yi kuka a tsakiyar mahauta, gaban ƙudaje da ungulaye.

"Tashi, kada ka kore min masu saye," in ji Ɗanbala a hankali. "Gwaggonka ta iya ƙirga, inda ta duba ne ba daidai ba. Ta dubi ƙafarka, ba ta dubi jakinka ba."

Da ya koma da wannan magana, Gwaggo Kubra ta tafa hannu ta yi salati.

"Yau na ji abin da ya fi ƙarfin kunnena! Mahauci ya zama boka? Mai jego ba maiƙo? Da me za ta yi nono, da iska? Na yi jegon mata goma sha ɗaya a gidan nan, kowace sai da aka faɗaɗa mata ƙofa. So kake a ce Kubra ta mayar wa mutanen Gwaram 'ya kamar karan dawa?"

"A ce ni ne, Gwaggo. A ce rowa ce ta hana ni kawowa."

"Ka san abin da kake faɗa? Sunan nan ba ya wankuwa."

"Na ɗauka. A dai tambaye ta."

Gwaggo ta yafito shi da hannu. Sannan ta yi abin da ba a yi: ta kai shi har ƙofar ɗakin jego, ta zaunar da shi a bayan asabari, ita kuma ta tsaya nesa kaɗan tana tankaɗen da ba ta da buƙatarsa.

Ɗumin ɗakin da ƙamshin runhu suka bugo shi. Yana jin numfashinta.

"Sannu," ya ce.

"Yauwa, Malam. An ce za ka tafi."

"Abincin ne, ko? Man shanun."

Jaririn ya yi 'yar atishawa.

"Tun zuwa na biyu na gane," ta ce.

"Kika gane, kika ci na uku?"

"Ka ɗauko shi tun daga Farin Dutse. Kwana guda a hanya, hanyar ma irin wannan. In akushi ya fita da abinci a ciki, da wace fuska za ka zauna a zaure?"

"Barira, mutuwa fa kika kusa yi!"

"Na ce ko na uku zai zo da sauƙi."

Ya sa hannu a jikin asabarin. Ta can ciki ya ji 'yan yatsunta sun taɓa nasa ta tsakanin saƙar asabarin, sirara, masu zafi. Bai taɓa sanin mutum zai iya jin daɗi da baƙin ciki a numfashi ɗaya ba sai ranar.

"Ja'ira!" in ji Gwaggo Kubra daga inda take, tana share ido da bayan hannu, gari ya ɓata mata fuska. "Kin bar ni ina zagin aljanun mutane ba su ji ba ba su gani ba. To, na ji. Amma ni ba a rufe ni da magana. Zai kwana uku a zauren nan, ƙafarsa a cikin gida. Zan yi girkin marayu. In ta tashi da ciwo, ya kama hanya."

Ta yi tuwon dawa mai laushi da miyar kuka, daddawa da ɗan busasshen kifi, ko ɗigon mai babu. Tana kaɗa miyar tana mita, wai ko a shekarar fara ba ta yi irin wannan abin kunya ba. Fura kuma aka dama da tsala, nonon da aka riga aka cire wa mai, aka ajiye kindirmo gefe. Aka shiga da akushi bayan azahar.

Hambali ya zauna a zaure yana sauraro. Kowane motsi a gidan sai gabansa ya faɗi. Kaza ta yi kuka, ya miƙe. Wata ta jefar da muciya, ya miƙe. Inuwar katanga ta tashi daga bakin ƙofa ta rarrafa har gindin turken jakinsa. Ladan ya kira la'asar, ya yi salla bai san surar da ya karanta ba. Ba a yi kururuwa ba.

Rana ta biyu aka yi faten wake da zogale. Ta ɗan ji nauyi a gefen, ta kwanta, ya wuce. Rana ta uku ita da kanta ta ce a ƙara mata tuwo. Rawayar idonta ba ta tafi gaba ɗaya ba, Gwaggo ta ce wannan sai a hankali, tana ba ta jiƙon tsamiya safe da yamma. Nono kuwa bai ƙafe ba, yaron yana sha har ya yi gyatsa.

Da hantsin rana ta huɗu Gwaggo Kubra ta leƙo zaure.

"Kai marowacin Farin Dutse, kana nan? Shigo mana, ko sai an yi maka kiɗa?"

Ya shiga yana sunkuyar da kai. Barira na zaune a bakin ƙofar ɗaki a kan tabarma, rana na dukan ƙafafunta. Ta rame ƙwarai, wuyanta ya yi tsawo, awarwaronta na zamewa har gwiwar hannu. Bai taɓa ganin abin da ya kai ta kyau ba. Ta miƙa masa yaron ba tare da ta dube shi ba, don Gwaggo na tsaye.

"Gobe akwai ayari," ya ce. "Zan je in duba gona in dawo. Me zan kawo?"

"Kada ka kawo komai."

"Ba zan iya ba."

Ta yi ɗan murmushi tana wasa da bakin tabarma. "To, akwai ramar da na shuka a bayan ɗakina can Farin Dutse. In akuyar Inna ba ta gama da ita ba, ka tsinko min."

"Rama?" in ji Gwaggo Kubra. "Mutum ya ratso Ningawa da damin rama a kan jaki! Allah ya sa su tare ka, su mutu da dariya."

Barira ta yi dariya ta dafe gefen cikinta don sabo. Ta jira ciwon, ta jira, bai zo ba. Sannan ta sauke hannun.